Kakata Ba Ta Yi Hatsarin Mota Ba

A zamanmu na watan jiya an karanta labari huɗu, cikin uku an yi hatsarin mota. Na ƙirga, don a bencin baya nake zaune, ba ni da aiki sai ƙirga. A na farko saurayi ne ya taso daga Ƙonni zai je ganin budurwarsa, mota ta ƙwace kafin a shiga Madawa, ya farka a gadon likita bai san sunansa ba. A na biyu amarya ce, ita ma kai ya bugu, ta manta angon ta riƙe tsohon saurayi. A na uku ɗan wani Alhaji ne, Fulani suka tsince shi bakin hanya, ya shekara biyar yana kiwo, ya auri ɗiyar mai rugar, ran nan saniya ta harbe shi a ƙeya sai ga shi yana karanto lambar wayar babansa ba gargada. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, kada a ce baƙin ciki nake.

Da aka zo sharhi na ɗaga hannu na ce, tunda dai mantuwa muke son rubutawa, me ya hana mu rubuta wadda ke kama tsoffinmu? Wani ɗan'uwa, wanda ya fi ni alƙalami kuma ina ganin girmansa, ya juyo ya ce, "Kai ɗan Keita, wagga cuta ta Turawa ta. Mu nan riƙon tsoffinmu mukai, ba mu kai su gidan gajiyayyu." Aka yi dariya, aka wuce ga maganar kuɗin fotokopi. Ban amsa masa a ranar ba, wani abu ne ya tokare mini maƙogwaro. To ga amsar, kuma da kuɗin fotokopin da shi ma ya zuba za a buga ta.

Kakata, uwar babana, tana wani ƙauye tsakanin Keita da Ibohaman. Ba ta taɓa hatsarin mota ba, shigarta mota ma a rayuwa ba ta cika yatsun hannu biyu ba. Shekara shida ke nan da abin ya soma, kuma da abin dariya ya soma. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta yi la'asar, ta sallame, ta ɗauki buta wai za ta yi alwalar la'asar. Ta ƙulle jikka biyu a bakin zane ta kwana tana nemansu ƙarƙashin tabarma. Duk gidan aka yi ta yi mata tsiya, ni na fi kowa, don ni ne maigidanta. Kun san wasan kaka da jikanta. Tun ina goye take ce mini maigida. In na zo hutu ta ce ga mijin banza wanda ko goro bai riƙo ba, ni kuma in ce na sake ta saki uku, ƴar lakwal zan auro.

Hutun bara waccan na shiga ɗakinta na yi sallama, na ce, "Ina uwargida?" Sai ta jawo mayafi ta rufe kai, ta sauko daga gado ta durƙusa, ido a ƙasa, ta ce a hankali, "Sannu da hanya. Ka daɗe. Ɗiya na ta cigiyarka." Na tsaya ina jiran dariyar. Ba ta zo ba. Kakana ya rasu tun kafin a sa ni lakwal. Ta tashi ta nemo ƙwarya ta dama mini hura, hannu na rawa, tana ba ni haƙuri wai ta yi ruwa don hatsi ya yi ƙasa, amma gobe za a ba su rabo a wurin aiki. Ban san da muryar wa zan amsa mata ba, ta jika ko ta mamaci. Na karɓa na sha.

Babana shi ne ɗanta na fari. Ya kusa shekara talatin yana bida a Abijan, yakan zo gida bayan shekara biyu-biyu. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "ɗan gidan ga". Kunyar ɗan fari ce, babu ɗan Adar da zan yi wa bayaninta. Da ya zo damanar bara ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa kamar yadda ake amsa wa baƙo, har ta tambaye shi mutanen garinsu. Can da rana ta yi sanyi ta fito tsakar gida ta ƙwala kiran sunansa, sunan yanka, da ƙarfi, tana ce wa matan gida su nemo shi, yaro bai ci komi ba tun safe. Yana zaune gabanta a kan turmi. Mutum mai shekara sittin, ranar ya fara jin uwarsa ta kira shi, kuma ba shi take kira ba. Ya tashi ya zaga bayan rumbu, ya daɗe bai fito ba.

Duk wannan ba mota, ba jini, ba likita mai tabarau da zai fito ya cire safar hannu ya ce sai dai a yi haƙuri.

To me ya sa muka fi son hatsarin? Na san dalili, don ni ma labarina na farko, ina ajin ƙarshe na kwaleji, da hatsari ya buɗe, har da jirgin sama na sa. Daga fina-finan Indiya da na Kano muka aro ta, da littattafan da ake tura mana ta WhatsApp. Mantuwa ce mai sauƙin ɗauka. Mai ita yaro ne kyakkyawa, ba ya fitsarin kwance, ba ya zagin wadda ke ba shi abinci. Ba wanda ke da laifi sai direba. Kuma ta aro ce, shafi na ƙarshe za a maido wa kowa kayansa, a ɗaura aure. Jaki ne da marubuci ke hawa in labari ya maƙale masa. Ko ta fuskar likita ma ƙarya ce. Ga ƴan kabu-kabu nan da ke faɗuwa kullum a garuruwanmu ba hular kwano: wanda kansa ya bugu da gaske yakan rasa abin da ya faru dab da faɗuwar, ko ya kasa riƙe sabon zance, ko halinsa ya sauya ya zama mai faɗa. Mutum ya manta sunansa da uwarsa amma ya riƙe iya tsara budurwa, wannan da wuya ƙwarai. Bugu na biyu kuwa ƙara ɓata ƙwaƙwalwa yake yi, saniya ba ta taɓa warkar da kowa ba.

Ta tsoffi daban take tafiya. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ɗaure sabon abu shi ke fara lalacewa, shi ya sa abin da aka yi ɗazu ke gudu ya bar na shekara arba'in. Kamar rumbu ne, damin da aka sa ƙarshe shi ake fara ɗiba. Kuma ba ta dawowa. Wannan ne muke tsoro, mu marubuta, don labarin da ba ya ƙarewa da biki ba mu san yadda ake rufe shi ba.

Yanzu maganar cutar Turawa. Gaskiya ne sunan da likitoci ke kiran mafi yawanta na Bajamushe ne. Alois Alzheimer ne ya yi bayaninta a 1906, bayan ya bi wata mata, Auguste Deter, da aka kwantar a birnin Frankfurt a 1901 tana da shekara 51, wadda ciwonta ya soma da zargin mijinta a kan abin da bai yi ba. To sai me? Albasarmu ma a takardun masu sayar da iri da sunan Faransanci take yawo, Violet de Galmi, ban ji wanda ya ce albasar Turawa ce ba. Mu da muke cewa gigin tsufa, muke cewa wance ta ruɗe, daga ina muka samo kalmomin in ba mu taɓa ganin abin ba? Alƙur'ani ya ambaci wannan hali na tsufan da ke shafe sani, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, ku duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu irin wannan ciwo sun haura miliyan 55, ana ƙara kusan miliyan 10 kowace shekara, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Ba zan ɓoye abin da ke goyon bayan ɗan'uwana ba: wani dogon bincike da aka soma a shekarun 1990, da ya gwada tsoffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, ya samu ciwon bai yi yawa a Ibadan kamar can ba. Amma ya same shi a Ibadan. A Nijar kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba, shi ya sa ido ba ya kan tsoffi. Sai dai a 1960 tsawon ran ɗan Nijar a ƙiyasi bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Tsoffi ƙaruwa suke, masu ruɗewa ma haka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sai da na karanta littafin wani ɗan Maroko, cikin Faransanci, kafin in gane kakata. Wani mushenmu na lise ya ara mini shi, fotokopi ne shi ma, wasu shafukan sun shafe. Sunansa Sur ma mère, wato game da uwata, na Tahar Ben Jelloun, haifaffen Fas, wanda ya ci kyautar Goncourt a 1987. A 2008 littafin ya fito. Da siffar ƙagaggen labari ya zo, amma uwarsa ce, Lalla Fatma. Tana kwance a gidanta a Tanja, kanta kuwa yana Fas ta ƙuruciyarta. Tana hira da matattu, tana shirya musu abinci, tana ɗaukar ɗanta a matsayin wani daga cikinsu. Musulma ce mai sallah, ba ta yi boko ba, kuma a gida ake jinyarta, ba wanda ya kai ta gidan gajiyayyu. Abin da ya kama ni a littafin shi ne ta hanyar ruɗewar ne ɗan ya san uwarsa. Zancen aurenta da ƙuruciyarta, wanda da lafiyarta kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa ɗa namiji ba, ciwo ya buɗe bakin. Na karanta a daren farko har fitilar waya ta mutu.

Amma ina da ƙorafi a kansa, kuma ƙorafin ya fi yabon amfani gare mu. Mai ba da labarin ɗa ne da ke sauka daga Faransa, ya zauna bakin gado, ya riƙe hannu, ya saurara, ya koma. Akwai wata mata a gidan, Kaltum, ita ke wanke tsohuwa, ita ke ba ta abinci, ita ke shan zaginta. A littafin ana kallonta da ido biyu, ɗaya na godiya ɗaya na zargi, amma ba a ba ta alƙalami ba. Har marubucin yana gwada uwarsa da uwar wani abokinsa Bature, kana jin ƙamshin irin alfaharin da ɗan'uwana ya yi a zamanmu. Ni labarin Kaltum nake son karantawa, don a gidanmu Kaltum uwata ce, kuma ita ba a biyanta ko dala.

"Riƙon tsoffinmu mukai." Mu wa? Ku je ƙauyukan Keita da Buza da rani ku ƙirga mazan da ke gida. Suna Abijan, suna Libiya, suna Legas, suna Agadas. Riƙon da muke taƙama da shi a bakin suruka yake faɗuwa. Inna ce ke tashi sau huɗu cikin dare. Ita ke wanke zannuwa kafin gari ya waye don kada maƙwabta su gani. Da dare takan ɗaura bakin zane a ƙafar Kaka, ɗaya bakin a tata ƙafar, don in tsohuwa ta motsa ta ji. Ladanta kuma? Kaka ta gama cin tuwo, an wanke kwano, sai gwaggona da ke aure a Tamaske ta shigo ziyara, Kaka ta kama hannunta ta ce, "Tun jiya ba a ba ni komi ba. Matar ga ta kwashe man kuɗi." Gwaggo ta zo na yini ɗaya, ta ga hawayen uwarta, me za ta gaskata? Kafin magariba saƙon murya ya isa Abijan. Baba ya kira, ban taɓa jin ya yi wa Inna irin wannan magana ba, har ya ambaci takarda. Aure na shekara ashirin da bakwai ya kusa mutuwa a kan jikka biyu da aka tsinta bayan kwana uku cikin tulun da ba a amfani da shi. Har yau Inna da Gwaggo gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Kuma ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu, Kaka ma ba ta yi ba.

Sai ƙanwata. Tana aji na uku a kwaleji lokacin, lissafi take ci kamar gyaɗa. Ba wanda ya ce ta bar lakwal. An dai ce ta zauna yau kaɗai, Inna za ta gona. Gobe aka ce yau ma. Da aka yi wata biyu ita da kanta ta daina wanke rigar makaranta. Ni ba wanda ya ce in zauna ko na yini ɗaya, ni namiji ne, ina shirin bak. Kujerar da nake zaune a kai a jami'a, ina rubuta maƙala a kan zaluncin da ake yi wa mata, rabinta ta ƙanwata ce. Duk wanda zai ce mini muna riƙon tsoffinmu, ya fara gaya mini sunan yarinyar da ta bar aji a gidansu.

Na ce Kaka ta ambaci wurin aiki. Ƴan Keita sun gane, saura bari in faɗa muku. Bayan farin 1984, shekarar yunwar da iyayenmu ke kira El-Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, Italiya ta ba da kuɗi, FAO ta riƙe aikin, PAM ta kawo abinci. Maza sun tafi bida, mata ne suka fi yawa a filin. Su suka ɗauki duwatsu a kai, suka jera su layi-layi don tare ruwa, suka haƙa ramuka a jikin tsaunuka aka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. Ku ƴan Buza kuna da irin naku, layukan dogon yaro na kwarin Majiya da aka soma dasawa a 1975. Kakata tana cikin matan Keita. Yanzu can ta koma da zama. In an yi sakaci da asuba sai ta fita, ta tsinto duwatsu a zane, ta jera su a layi, tsaf, a gicciye da gangare yadda aka koya musu. Wata safiya layin ya bi ta ƙofar gidan maƙwabta, kuma a makon jaririnsu ba shi da lafiya.

Kun riga kun san kalmar da ta fito. Ba a faɗe ta da ƙarfi ba, a bakin rijiya aka raɗa ta. Yara suka daina karɓar ƙuli-ƙuli daga hannunta. Abin da ya ƙara wa zancen gishiri, ciwon ya fi tashi da almuru: ta rikice, ta yi ta kai da kawo, ta ce a kai ta gida alhali tana gida. Likitoci sun san wannan, masu irin ciwon da yawa sukan birkice in rana ta faɗi. Mu kuwa almuru lokacin iskoki ne, sai lissafi ya cika. Matar da ta ɗauki dutse a kai don ƙasar nan ta yi kore, da aikin nan nata aka so a kama ta da maita. Allah ya sa liman ɗinmu mutum ne mai hankali, ya tsawata tun abin bai yi nisa ba. Ba ko'ina ake dacewa ba. A arewacin Gana akwai sansanoni irin na Gambaga inda tsoffin matan da aka kora da sunan maita ke fakewa, kuma a watan Yulin 2020 a garin Kafaba aka doke wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, har ta mutu, mutane na kallo ana ɗauka da waya.

Shekara uku muna rubutu da hayaƙi kafin a kai ta likita. Ban raina addu'a ba, ita ke riƙe da Inna. Amma ranar da majo ya ɗaura mata abin awon jini, ran nan ne aka fara auna ta tunda aka haife ta, kuma jinin ya hau ƙwarai. Hawan jini na cikin abubuwan da ke lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma yana da magani mai araha. Akwai ma ruɗewar da wani ciwo ne daban ke kawo ta, zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki, in an yi magani ta wuce. Wadda ta zauna ba ta da waraka, likitocin ƙwaƙwalwa kuma ƙalilan ne, yawancinsu suna Yamai, sama da kilomita 500 daga gare mu. Amma da wani ya karanta wannan sakin layi a labari shekara shida da suka wuce, wataƙila da an auna ta da wuri.

Saura gona. A shekarar El-Buhari kakana ya jinginar da gonarmu ta fadama ga wani gida a kan hatsi. Ba takarda, shaidu uku ne, duk sun rasu. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, kofo, don a riƙa rubuta irin wannan ciniki, amma namu ya girme ta, kuma ba wanda ya je ya gyara. Yanzu fadama ta yi daraja, albasa da tumatir ake yi, jikokin wancan gida suka ce saye ne. Aka je zauren mai gari, aka kawo Kaka, don ita ta auna hatsin da hannunta. Ta gaishe da mai gari da sunan babansa. Sannan ta buɗe baki. Ta faɗi tiya nawa, ta faɗi ranar kasuwar da aka kawo, ta faɗi wanda ya riƙe bakin buhu, ta faɗi gawon da ke kan iyaka da inda aka dasa gamba, ta ce an yi da sharaɗin duk ranar da aka maida hatsi gona ta dawo. Ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba, don a 1984 take kwana take tashi. Sai wani daga wancan ɓangare ya yi murmushi ya ce, "Iya, wa ka mulkin ƙasa yanzu?" Ta ce, "Kunce mana." Zaure ya fashe da dariya. Seyni Kunce ya rasu tun 1987. Aka ce tsohuwa ta ruɗe, ba a kafa hukunci da maganarta. Shari'ar tana nan har yau, kawuna biyu ba sa ga-maciji a kanta, ɗaya na cewa a bari ɗaya na cewa a je Tawa.

Mu ɗalibai ba mu da aiki sai jawo maganar da Amadu Hampate Ba ya yi a UNESCO a 1960, wadda ya kwatanta mutuwar tsoho da gobarar ɗakin littattafai. Kowace jarrabawar Faransanci sai mun liƙa ta a gabatarwa. Gobara dare ɗaya take ci, ba ka da abin yi. Wadda na gani gara ce, shekara shida tana ci a gabanmu, muna riƙe da wayoyi cike da fina-finai, ba wanda ya danna ya ɗauki muryarta na minti goma tun tana da cikakken hankalin da mai gari zai karɓa. Ni ma ban yi ba. Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, da bakin tsoffin Adar ya dogara ƙwarai wajen rubuta tarihin Adar da ya fito a 1975. Mu jikokin waɗancan tsoffi muna zaune muna ƙirƙiro ɗan Alhajin da saniya ta harba.

Na san abin da za a ce, don wata ƴar'uwa ta riga ta ce mini: wannan tonon asirin gida ne, wa zai rubuta kakarsa tana fitsarin kwance? Maganar tana da nauyi, na kwana biyu ina juya ta kafin in ba da takardar nan, shi ya sa ba suna ko ɗaya a ciki. Amma ai amfanin ƙagaggen labari ke nan: ka sauya suna, ka maida Keita ta zama Bangi, ka faɗi gaskiyar. Rufin asirin da muke yi wa ya rufe? Inna ta shekara uku tana zaton ita kaɗai Allah ya jarraba. Bayan zaman nan da aka yi mini dariya, mutum uku suka same ni ɗai-ɗai a waje. Ɗaya daga wajen Tabotaki, kakansa ne ke fita tsirara, sun sa wa ɗaki kwaɗo. Ɗaya daga Sabon Gida, uwar babarta ce ta daina gane ɗiyanta. Na ukun bai ce komi ba, ya dai tambaye ni sunan littafin ɗan Marokon. Duk ukun suna cikin masu tafi. Ɗaya ma shi ya rubuta labarin amaryar.

Kada kuma a ce Hausa ba ta ɗaukar irin wannan kaya, ko masu karatu sai soyayya. Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta shiga tsakar gidan Bahaushe ta rubuta matar da miji ya kora da ƴaƴa a Alhaki Kuykuyo Ne, ta rubuta yarinyar da aka cire daga makaranta a Wa Zai Auri Jahila?, aka saya aka karanta, ana karantawa har yanzu. Ban ce a bar soyayya ba, ni ma ina karantawa a ɓoye kamar kowa. In soyayyar kuke so, ga ta: tsohon da matarsa ta shekara hamsin ke tambayarsa kullum shi wane ne, yana ba ta amsa kullum. Ga suruka da uwar miji da suka shekara ashirin ba sa shiri, yau ɗaya ba ta yarda kowa ya ba ta abinci sai ɗayar, tana kiranta Inna.

Ina ba da shawara ga ƙungiya, a rubuce, don a sa ta cikin ajandar zama mai zuwa: ɗan littafi na gaba a hana hatsarin mota, na jirgi, da harbin saniya. Kuma kowa in ya je hutu ya zauna da tsoho ɗaya na gidansu, mai lafiya ko maras lafiya, ya ɗauki murya, ya tambayi iyakar gona da wanda ake bi bashi da wanda ke binsu.

Labarin da nake nema kuwa ba ni zan rubuta shi ba, ni ma ɗan ziyara ne kamar ɗan Maroko. Hutun da ya wuce na ga tsohon littafin lissafin ƙanwata ƙarƙashin matashinta. Daga baya ta juyo shi, ta cika shafi goma sha tara da abin da Kaka ke faɗi cikin dare, da kwanan wata a gefe, wani wuri da amsar da ita ta ba ta. Akwai daren da Kaka ta ɗauke ta a matsayin uwarta, ta ce ta goya ta, ita kuma ta goya ta. Na ce mata ta zo Tawa ranar Asabar ɗin zamanmu ta karanta mana, ni zan biya kuɗin mota. Ta karɓe littafinta ta maida ƙarƙashin matashi, ta ce, "Yaya, in na tahi, wa ka tsaron Kaka?"